Abin da Ya Zo a Ƙarƙashin Kujerarki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ta kamaci ɗiya ga uwarta, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin rahamar Ubangiji da sanyin makwanci. Idan kin tambayi lafiyarmu, muna nan Kalgo kalau, ni da maigidana da yara. Ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, ana shirin yankan shinkafa a fadama.

Na san ba ki karanta boko, na kuma san inda kike ba a kai wasiƙa. Duk da haka na rubuta, na sa ta a shafina na intanet inda jama'a za su gani, domin a gaban jama'a na yi miki laifin da zan faɗa. Masu karatu su yi haƙuri, ba da su nake ba.

Kujerarki ta iso wurina yau kwana shida. 'Yar kujerar nan ta itace nake nufi, wadda kike zama a kai ki yi tsintar shinkafa, wadda gefenta ɗaya ya yi santsi saboda hannunki. Rabi autarki ce ta aiko mini da ita daga Gwandu ta hannun direban motar haya, bayan an raba kayanki. Ban je rabon ba. Sadakar arba'in ma ban je ba. Na ce makaranta ba ta ba ni dama ba, alhali ko izinin ban nema ba. Rabi ba ta haɗo da saƙon baki ko ɗaya ba. Tun ranar da aka tashi daga zaman makoki ba ta sake yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Da na kwance zanen da ta naɗe kujerar da shi, sai na ga an cusa tsumma ta gefe-gefe a ƙarƙashinta, an bar tsakiya fili. Na leƙa. Wani ɗan kwanso ne rataye a jikin itacen, bai wuce gaɓar ƙaramin yatsa ba, kore shar, da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar an ɗiga masa ruwan zinare. Kwanson tsutsar tumfafiya ne, irin wanda malam-buɗe-littafi ke fita daga ciki. Ya yi tafiya tun daga Gwandu, ta Birnin Kebbi, har Kalgo, cikin ramukan hanya da wujijjigar direba, bai tsinke ba.

Na zauna a ƙasa daɓas, Inna. Na gane shi tun kafin in gama kallonsa.

Kin tuna shekarar da aka kawo ni hutu ina 'yar shekara takwas? A Masama na tashi, a hannun Goggo Hajo, yayar Baba, domin ana yaye ni aka miƙa mata ni, kamar yadda ake yi da 'ya'yan fari a gidanmu. Ni ce ɗiyarki ta fari, ga shi kuma sunan surukarki aka raɗa mini, kunya ta zama biyu. Ba ki kiran sunana na yanka, ko laƙabin Uwani da kowa ke kira na da shi ba ya fita bakinki. A wurinki ni ce "waccan". Idan na shigo ɗaki sai ki tuna kina da aiki a madafa. Idan za ki ba ni fura, sai ki ajiye ƙwaryar a inda zan gani, ki ce da Rabi, wadda lokacin ko magana ba ta gama iyawa ba, wai kada kaji su sa baki.

A hutun nan na tsinci irin wannan kwanson a ganyen tumfafiyar bayan ɗakinki. Goggo ta taɓa gaya mini abin da ke ciki. Na yi kwana biyu ina gadinsa, a na uku haƙurina ya ƙare. Na ce ai wahala yake sha a ciki, bari in taimake shi. Na ɗauko ƙayar aduwa na tsaga shi. Abin da ya fito ruwa ne kawai mai kauri, ba fiffike, ba komai. Na yi ta kuka kamar an yi mini mutuwa.

Kina tsaye kina shanya, kin ba ni baya. Ba ki juyo ba. Da akuyar da ke ɗaure a turke kika yi magana, kika ce, "Ku hwaɗa ma waccan, abin da ba shi motsi ba shi na matacce ba. Shina da rai, lokacinai na bai yi ba."

Kashegari da safe na tarar da wani kwanson, ɗanye, rataye da zare a jikin azarar rumfa, daidai inda nake shimfiɗa tabarmata. Babu wanda ya ce shi ya rataye. Ni kuwa da wayona na 'yar takwas na ce aljanu ne. Bayan kwana huɗu malam-buɗe-littafi ya fito a gabana, ruwan goro da bakin fiffike baƙi, ya daɗe a rataye kafin ya tashi. Na ruga in gaya miki, kika ce da tukunya wai yau tuwo zai makara.

Na girma, na yi boko, na zama malamar lissafi, na iya baki. Sai na fara auna ki da iyayen ƙawayena na kwaleji, waɗanda ke rungume 'ya'yansu a bakin mota suna kiran sunansu da ƙarfi. Na yanke hukunci ni kaɗai cewa ba ki so na. Na san al'adar sarai, ba wai ban sani ba. Na san haka Kaka ta yi wa Kawu babba, haka ake yi a kowane gida a unguwarmu. Amma fushi ya fi mini daɗi, domin mai fushi ba a tambayarsa me ya sa bai zo gida ba.

Ranar da hawan jini ya kayar da ke a bakin rijiya, ɓarin jikinki ya shanye, baki ya rufe, Rabi ce ta tattaro 'ya'yanta uku daga gidan aurenta a Malisa ta dawo ɗakinki. Wata huɗu tana juya ki kada bayanki ya yi gyambo. Ita ke ɗura miki koko da ƙaramin cokali, ita ke wanke ki, ita ke shafa miki man kaɗanya a ƙafa. Ni kuwa a wata huɗun nan sau uku na zo. Nakan zo da lemo da madara da sabulu, in ajiye a bakin ƙofa, in yi sannu daga tsaye, in koma tsakar gida wurin masu dubiya in yi ta bayanin abin da likita ya ce, da Turancina da komai. Idan aka ce in shiga in zauna kusa da ke, sai in sunkuyar da kai in ce, ai kun san ni ɗiyar fari ce, Inna ba za ta so ba. Tsofaffi su gyaɗa kai su ce yarinyar nan akwai kunya.

Ba kunya ba ce, Inna. Al'adar da na shekara ashirin ina zagi ita na yafa don in ɓuya a ciki. Gaskiyar ita ce ba na iya zama kusa da wanda ba zai amsa mini ba. Warin ɗakin yana damuna. Idonki ɗaya da ke buɗe yana bin mutum, shi ma yana damuna.

Zuwana na uku shi ne wanda ya hana ni sakat har yau. Rabi ta rame, idonta ya faɗa. Ta biyo ni har bakin ƙofarki ta ce, Yaya, ki kwana biyu mana, ko hira ki riƙa yi mata, ni ma in ɗan runtsa. Labule kaɗai ke tsakaninmu da gadonki. Mata sun fi goma a tsakar gida. Na ɗaga murya na ce, "Me zan ce mata? Da tana da bakin ma ba ta yi mini magana ba, balle yanzu da ba ta san wanda ke kanta ba. Jiki ne kawai a kwance."

Goggo Hajo, wadda ta goya ni, ta ja gyalenta ta rufe fuska. Na ɗauki jakata na kama hanyar tasha. Bayan kwana goma sha ɗaya aka kira ni aka ce kin cika.

To, ga ni yanzu da ɗan kwanso a ƙarƙashin kujerarki, ki ji abin da ɗiyarki take yi.

Na kira maƙwabciyata Malama Rifkatu, 'yar ƙasar Zuru, wadda ke koyar da kimiyya a makarantarmu. Ta zo da kayan cocinta a jiki, ta durƙusa ta leƙa, ta ce lafiyarsa lau. Ta ce kada in taɓa shi, kada rana ta doke shi, kada in bari kiyashi su hau, kuma in ɗaga kujerar sama don ya samu inda zai saki fiffike idan ya fito. Na tambaye ta me zan ba shi ya ci. Ta yi dariya ta ce, "Ba ya ci, ba ya sha, ba ya buƙatar komai a wurinki. Ki dai tsare shi, ki riƙa leƙawa."

Na ɗora ƙafafun kujerar a kan gwangwanayen tumatir huɗu, na jera su cikin faranti mai ruwa saboda kiyashi. Na zagaye farantin da toka. Na toshe ramin da ƙadangare ke shigowa ta ƙasan taga. Na kafa wa yara doka, duk wadda ta matsa kusurwar nan ni da ita. Da rana idan ɗaki ya ɗauki zafi nakan jiƙa tsumma in rataye kusa da shi. Ranar Laraba na bar aji ana tsakiyar darasi, na hau babur na dawo gida, wai don na tuna ban rufe ƙofa ba kuma kazar maƙwabta ba ta da mutunci. Maigidana ya ce Malama ta samu ɗalibin da ba ya surutu.

Har hira nake yi masa. Bayan sallar asuba nakan shimfiɗa tabarma in kwanta rub da ciki don in gan shi, in ce masa an tashi lafiya, in ba shi labarin abin da za a dafa. Ba ya motsi, ba ya amsawa, ban ma san ko yana da kunne ba. Shekaranjiya ina cikin yi masa wannan surutun sai na ji muryata da kunnena. Na tashi zaune. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, irin wadda ban taɓa ji ba, ba kuma irin wadda na yi ta yi wa tsofaffi wasa da ita ba. Kwana huɗu na yi wa tsutsa abin da na kasa yi wa uwata yini ɗaya. Na iya zama ashe. Na iya hira da wanda ba ya amsawa. Ke ce dai ban yi wa ba.

Kuma ke kika gaya mini tun ina 'yar takwas cewa rashin motsi ba mutuwa ba ne. Na riƙe maganar a kan ƙwaro, na mance da ita a kanki.

Jiya bayan la'asar na yi ta maza na kira Rabi. Sau biyu ba ta ɗauka ba, a na uku ta ɗauka. Na rasa ta inda zan fara, sai na ce, kin ga abin da ke ƙarƙashin kujerar nan kuwa? Ta ce ta gani, ita ta cusa tsumman don kada ya fashe a mota. Ta ce bayan rasuwarki an fitar da kujerar bayan ɗaki, nan ta zauna kusa da tumfafiya har tsutsar ta hau. Na ce wace tumfafiya, ai waccan ta shekara talatin. Ta ce ba ita ba ce, jikokinta ne. Ta ce duk shekara idan Baba ya zo da adda zai share bayan ɗaki, sai ki fito ki tsaya ki ce, "A bar wagga, ta waccan ta." Bayan Baba ya rasu ma haka kika riƙa yi da masu shara. Ta ce ita ba ta taɓa sanin dalili ba, ta dai ga ba ki wasa da maganar, shi ya sa da ta ga kwanson ta ce nawa ne.

Ban san lokacin da na tambaye ta abin da na yi wata biyu ina gudu ba. Na ce, Rabi, ranar nan, Inna ta ji ni?

Ta ce kin ji. Ta ce da ta ɗaga labule ta tarar hawaye na bin gefen fuskarki har cikin kunne, ta goge, suka sake zubowa.

Na so in kashe wayar, ta ce in tsaya, ba ta gama ba. Ta ce ranar da za ki cika, da hantsi, bakinki ya ɗan saki. Kika yi wata magana, ta ɗauka ruwa kike so, ta kawo, kika kau da kai. Kika sake faɗa. Sai a karo na biyu ta gane, domin tun da aka haife ta ba ta taɓa jin kalmar a bakinki ba. Sunana kika kira, Inna. Ba waccan ba, ba Uwani ba, sunana na yanka. Sau biyu. Goggo Hajo tana wurin, ta ce ita ma ta ji.

A wannan hantsin ina Kalgo. Ba na aji, ba na asibiti, ba abin da ya tsare ni. Asabar ce, ina tsakar gida ina wankin labule.

Na tambayi Rabi, da wace irin murya kika kira, ta fushi ce ko ta yafiya? Ta ce, "Yaya, ni ban sani ba. Kira dai ta yi, kuma ba ki nan." Ba ta faɗa da zafi ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wannan ita ce tambayar da zan zauna da ita, kuma na san babu mai amsa mini ita a duniya. Wataƙila so kika yi ki ce kin yafe. Wataƙila so kika yi ki tambaye ni yadda aka yi na faɗi abin da na faɗa. Ko kuma dai kin ga tafiya ta zo, kika ce bari ki ɗanɗana sunan sau ɗaya a bakinki, bayan kin shekara kusan arba'in kina haɗiye shi. Abin da na sani shi ne kin ajiye kunyar da kika riƙe tun kina amarya, a gaban yayar mijinki, da rabin baki, saboda ni. Ni kuma da cikakken bakina abin da na yi da shi ke nan.

Yau da safe kwanson ya canza. Koren ya tafi, ya yi duhu, fatar ta zama kamar leda, ana hango ruwan goro da baƙi da fararen ɗigo a naɗe a ciki. Na tsorata na ce ya mutu. Rifkatu ta zo ta duba ta ce a'a, haka yake yi idan ya kusa, gobe da hantsi zai fito in Allah ya so.

Ba zan ɓoye miki ba, da ta faɗi haka sai zuciyata ta ce, to, sai ki bari ya fito tukuna, jibi ko gata sai ki je Gwandu. Kin ji halin nawa. Da makaranta ce hujja, da kunya ce, yanzu kuma na samu ƙwaro. Na kwana shida ina ce wa kaina ba zan iya barin gida ba saboda shi, alhali an gaya mini tun ranar farko cewa ba ya buƙatar komai a wurina.

Rabi kuwa tana buƙata. Har yanzu tana ɗakinki, ta kasa komawa Malisa, ta ce idan ta tashi da asuba hannunta yakan kai kan gadon don ta juya ki. Goggo Hajo ma ƙafa ta fara gagararta, kuma tun ranar da ta rufe fuska da gyale ban sake haɗa ido da ita ba.

Saboda haka gobe motar farko zan bi. Na ƙara ruwa a farantin, na sabunta tokar, na bar taga a buɗe ta sama inda ƙadangare ba ya kaiwa. Na ba Rifkatu makulli. Ba zan ga fitowarsa ba, kuma ina jin zafin haka fiye da yadda ya kamaci mace mai shekaruna. Amma na taɓa ganin ɗaya ya fito, a ƙarƙashin rumfarki, kuma yanzu na san wadda ta rataye shi. Ba aljanu ba ne. Na hango ki, Innata, da sassafe kafin kowa ya tashi, kina bin ganyen tumfafiya ɗaya bayan ɗaya, ruwanta mai ɗaci yana ɓata miki hannu, kina waige kada a gan ki kina yi wa ɗiyar fari hidima.

Idan na isa zan durƙusa wa Rabi, duk da ni ce babba. Zan durƙusa wa Goggo. Zan tara matan da suka ji ni ranar nan, waɗanda na samu, in gaya musu ƙarya na yi, kin san wanda ke kanki, ni ce ban san wadda ke kaina ba. Sannan in shiga ɗakinki in zauna, in daɗe.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Allah ya sa ciwon wata huɗun nan ya zama kankarar zunubi. Ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya haɗa ki da Baba a gidan da babu ciwo. Allah ya saka wa Rabi da abin da ni ba zan iya saka mata ba. Ni kuma ya yafe mini, ya sa ke ma kin yafe, ya ba ni ranar da za ki sake kira ina kusa.

Kin kira sau biyu ba a amsa ba. Na makara, amma ga shi.

Na'am, Inna. Na'am.

Taki,
waccan,
Hafsatu